Jawabin maraba da babban baƙonmu na sojan sama, a madadin mutanen gabashin Sakkwato mazauna birni

Bismillahir rahmanir rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ranka shi daɗe Yallaɓai babban baƙonmu, da hafsoshin da sunka rako ka, iyayenmu uwayen ƙasa da hakimai, malamanmu, iyaye mata da ke can ƙarƙashin rumfa tun hantsi, da samarin da sunka sha rana wajen jera kujeru, lale marhabin da kowa. Yallaɓai sannu da sauka, sannu da zafin Sakkwato kuma, don na ga tun daga mota kake share gumi, to haka muke fama, mu nan ko fanka iska mai zafi take hurawa.

Da anka zauna shawarar wa za shi karanta jawabin ga, ga malaman makaranta ga 'yan boko masu turanci kamar ruwa, sai dattawa sunka ce a'a, a ba tsohon makanike, tunda duk cikinmu shi kaɗai ne ya taɓa kwana ƙarƙashin cikin helikwafta da sifana a hannu. Shekara 35 na yi a aikin sojan sama kafin in yi ritaya, kuma kusan dukkansu a hanga na yi su, wato rumfar da ake aje jirage ana gyara, hannu cikin baƙin mai. Saboda haka in na yi kure a magana a yi mini uzuri, kusoshi na iya ɗaurewa.

Ka zo garin da ya san soja Yallaɓai. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, Allah shi ƙara mai lafiya, birgediya janar ne mai ritaya kafin a naɗa shi a 2006. Barikinmu ma sunanta Giginya, don tunawa da filin da mutanen daula sunka tari sojan Turawa a watan Maris na 1903, kuma nan ne hedikwatar runduna ta 8 ta sojan ƙasa take. To gida ka zo.

Ina so in ɗan ja mu baya kaɗan, saboda yaran da ke wurin ga, waɗanda in sun ji ƙarar jirgi mai saukar ungulu sai su fito da gudu suna ɗaga hannu ba su san inda abin ya samo asali ba. Wani mutum da anka haifa a birnin Kiyef ya koma Amurka, sunanshi Igor Sikorsky, shi ya tada nashi jirgin gwaji a 1939, kuma daga hannunshi anka samu na farko da soja sunka ɗauka da yawa. Abin da ke burge ni a tarihin shi ne, karon farko da anka tura helikwafta fagen fama ta ceto mutane, a 1944 ne a ƙasar Bama, an je an ɗauko sojoji masu rauni da jirginsu ya faɗi cikin daji bayan layin Japanawa. Bama dai da kuka sani, wadda kakanninmu sunka je yaƙinta, akwai gidaje a garin ga da har yanzu in an taɓa tsohon akwati za a tarar da lambar yabo ta yaƙin Bama. Kenan jirgin ga da ɗaukar mai rauni ya fara suna. Sai daga baya Faransawa sunka ɗora mai bindiga a yaƙin Aljeriya, Amurkawa sunka cika sararin Biyetnam da shi, Rasha ta ƙera nata mai sulke ta kai Afganistan. Na faɗi wanga ne don zan dawo kanshi.

Mu kuma a nan gida, an kafa rundunar sojan sama a watan Afrilu na 1964, da taimakon Jamus ta Yamma, shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Da na shiga aiki abin da na tarar shi ne Bo 105, ɗan ƙaramin jirgin Jamus mai inji biyu, ga shi da wayo kamar zomo, wurin da mota ba ta iya juyawa shi sai ya sauka. Sannan ga Puma da Super Puma na Faransa, su ne jakunanmu na dako, soja da kaya da abinci duk su. Wajen shekara ta 2000 anka kawo mana Mi-35 daga Rasha, ranar da na fara ganinshi tsaye a hanga wallahi sai da na zagaye shi sau uku, don ban taɓa ganin jirgi mai fuska irin tashi ba, gilashi biyu ɗaya bisa ɗaya, mai harbi a gaba matuƙi a bayanshi, jiki duk sulke, kuma da wannan duka yana iya ɗaukar soja 8 a cikinshi. Gidansu Fatakwal, rundunar ayyuka na musamman da a zamaninmu muke ce ma 97, daga baya anka mai da ita 115. Inugu kuma can ake koyar da tuƙin helikwafta da yaƙi da shi. Kowane matuƙin da kunka gani yana shawagi bisa Isa ko Sabon Birni, da wuya in bai sha ruwan ɗaya daga garuruwan ga biyu ba.

An yi wani lokaci kuma, ba sai na ɓoye ba tunda Yallaɓai ya fi ni sani, da jirage sunka zauna ƙasa sunka fi masu tashi yawa, babu kayan gyara, sai ka ga an ciro wani abu daga wanga an sa ma wancan don dai guda shi tashi. Rikicin Boko Haram ne ya tada kowa daga barci. A 2017 anka shigo da sabon Mi-35M, a 2019 ga Agusta 109 daga Italiya, zamanin shugaban sojan sama na lokacin, Iya Mashal Sadique Abubakar, wanda shi kanshi matuƙin helikwafta ne, shi ya sa ya san zafin abin. Sannan ga T-129 na Turkiyya da anka sayi guda 6, anka fara ƙaddamar da su Makurɗi a farkon 2024, siriri mai kujera biyu da bindiga ƙarƙashin haɓa, yana gani da dare. Amurka ma ta amince a 2022 ta sayar mana da AH-1Z guda 12, kuɗin ya kusa dala biliyan ɗaya. Waɗannan na baya ban taɓa su da hannuna ba, a talabijin da Facebook nake ganinsu kamar kowa, ina jin ƙaiƙayi a tafin hannu.

Amma jama'a bari in gaya muku mi ake nufi in an ce sikwadiron, don mutane sun ɗauka jirage ne kawai da matuƙa masu baƙin tabarau. Matuƙa su ne 'yan kaɗan a ciki. Bayan kowane jirgi guda akwai mai inji, akwai mai jikin jirgi da farfela, akwai mai waya da rediyo, akwai mai ɗora harsashi da roka, mai zuba mai wanda sai ya gwada man ya tabbatar ba ruwa ko datti, mai duba yanayi, mai sauraren rahoto, likita, har direban tanka. Jirgi in ya yi awa guda a sama to za a yi awowi a ƙasa ana duba shi, kuma kowane ƙarfe a jikinshi yana da adadin awowin da anka ɗibar mai, in ya cika sai a cire ko da sabo yake a ido, ba a cewa ai bari mu lallaɓa zuwa Juma'a kamar yadda muke yi da motocin Illela. Kafin asuba muke tashi, in ka gama dubawa ka sa hannu a littafin jirgi, sa hannun nan ma'anarshi ka ɗauki ran yaran mutane ka rataya a wuyanka. Ni har yau in na ji helikwafta ta wuce bisa gida sai na aje abin da nake yi na saurari ƙarar, uwargida ta ce malam kai da ka yi ritaya, in ce mata kunne bai ritaya.

Kuma ƙasarmu ta nan tana da wuya ga jirgin ga, wanga Yallaɓai ya sani amma ina so uwayen ƙasa su ji. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinshi raguwa yake, saboda haka kayan da jirgi zai ɗauka da asuba ba zai iya ɗaukarsu da azahar ba, dole a rage ko mutum ko mai ko harsashi. Ga rairayi, yana cin bakin farfela kamar an sa sanfefa, yana shiga inji. In an zo sauka a fako ƙura takan tashi ta rufe matuƙi ruf, bai ganin ƙasa bai ganin sama, 'yan daƙiƙun nan sun ci jirage da yawa a duniya. Sai hunturu ya zo da hazo, wani lokaci kwana da kwanaki ba a gani nesa. To in kun kira ba a zo ba, wani sa'in ba ƙi anka yi ba, jirgin ne ba shi da halin tashi. Na faɗi wanga don adalci, don na san abin da ake cewa a majalisa da dare.

Yanzu kuma ranka shi daɗe ga abin da ya tara mu. Mafi yawan waɗanda ke zaune gabanka asalinsu Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo, Wurno, Gada, Illela, kuma da yawansu ba neman kuɗi ya kawo su birni ba. Tun harin Tabanni a Rabah cikin Yulin 2018, lokacin da mutane sunka cika Gandi da 'yan ƙunshin kayansu, ba mu sake barci da ido biyu rufe ba. A shekarar ne sojan sama sunka fara aikin da sunka sa ma suna Diran Mikiya a Zamfara, ni ma na yi dariya da na ji sunan, na ce mu muna ce mai saukar ungulu su suna cewa diran mikiya, to Allah shi sa mikiyar ta rinjaya. Bayanshi an yi Hadarin Daji, yanzu ga Fansan Yamma. Tsakanin nan mun ga abin da ya faru a ƙauyukan Sabon Birni a 2020, mun ga kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, ranar kasuwa tana ci, mun ga matafiyan da anka ƙone cikin mota a ƙarshen 2021 ɗin, mun ga watannin da anka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 da muke da su. A 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, Allah shi jiƙan shi, ya rasu a hannun 'yan bindiga. Ga 'yan bindigar nan Lakurawa ta wajen Tangaza da Gudu. Ba zan daɗe kan wanga ba, akwai waɗanda abin ya shafa suna zaune a nan.

Abin da ɗan ƙauye ya lura da shi, kuma duk wanda ka tambaya a rumfar ga zai gaya maka, ɓarayin nan ba su tsoron komai kamar ƙarar helikwafta. Jirgin yaƙi mai gudu yana zuwa fyuu ya wuce, su laɓe ƙarƙashin itace su fito. Ita kuwa tsayawa take, ta zagayo, ta yi ƙasa ƙasa, tana bin babur har inda ya shiga, ta sauke soja a bayansu, in an ji ma wani ciwo ta ɗauke shi. Wani ɗan uwana manomi ya ba ni labarin ranar da sunka ga ayarin babura sun nufo garinsu da la'asar, mata sun fara ɗaure yara a baya, sai ga ƙara daga yamma, ko harbi ba a yi ba, ayarin nan ya watse kowa ya kama gabanshi. Ya ce daren nan har tuwo anka tuƙa a garin. Shi ke nan labarin, amma shi da ya ba ni yana kuka yake faɗi.

To sai dai abin duka lissafin lokaci ne. Maharan nan awa guda ko biyu ta ishe su su kora shanu su kwashi mutane su shige dajin Gundumi ko su tsallaka Zamfara ko iyakar Nijar. Daga filin jirgin Sultan Abubakar na III zuwa Sabon Birni helikwafta ba ta cin awa guda, mota kuwa kowa ya san hanyar da abin da ke kanta. Fatakwal kuma ta fi kilomita 900 daga nan. Jirgin da zai tashi nesa ya tsaya shan mai a hanya, ko wanda ya lalace sai an jira kayan gyara sun taso daga kudu, wanga sai dai shi zo gaisuwar ta'aziyya. Saboda haka roƙonmu na farko, kuma shi ne babba, sansaninku na 119 da ke nan Sakkwato a ƙarfafa shi da helikwaftoci mazauna, da makanikansu da ma'ajin kayan gyaransu da tankin mansu, wanda anka kawo a bar mana shi shi saba da ƙurarmu, matuƙan su san Gulbin Rima da Gulbin Bunsuru kamar tafin hannunsu, su haɗa kai da 'yan uwansu na 207 da ke Gusau tunda dajin ɗaya ne, ɓarawo bai san iyakar jiha ba. Na san kowace jiha haka take roƙo, na san jiragen ba su da yawa, Borno na so Neja na so Katsina na so. Mu dai mun faɗi namu, da baki ake neman hatsin bara.

Sannan a tuna da Bama. Jirgin ga da ceto ya fara. In an harbi soja ko ɗan banga ko manomi a Isa, kafin a kawo shi asibitin koyarwa a mota sau da yawa jini ya ƙare a hanya. Ko jirgi ɗaya ne mai gado da ma'aikacin jinya a tanada don wanga. Damina ma tana da nata, waɗanda sunka ga ambaliyar 2010 lokacin da ruwa ya cinye hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya raba garuruwa da birni sun san akwai ranar da ba mota ba babur, sai kwalekwale ko sama.

Akwai magana guda mai nauyi Yallaɓai, dattawa sun ce in ban faɗe ta ba kada in koma gida. Ranar 25 ga Disamba 2024 an kai hari ta sama don Lakurawa a ƙaramar hukumar Silame, an rasa rayukan mutanen ƙauye. Ba mun kawo maganar don tozarta kowa ba ne, ni na zauna da matuƙa, na san ba wanda ke tashi da safe da niyyar taɓa talaka, kuma na ga yadda kuskure ke hana su barci. Amma daga sama mai gudun hijira bisa babur da wanda ya koro shi kamarsu ɗaya, ɗan sa kai da bindigarshi ta gargajiya shi ma haka, makiyayi mai bin shanunshi da wanda ya sato su duk sanda da garke ne a gilashi. Wanda zai rarrabe su yana ƙasa, shi ne mai gari da liman da uban ƙasa. A buɗe musu hanya ta kai rahoto kai tsaye wadda za a ɗauka ko tsakar dare ne, kuma a rufa musu asiri, don mutanenmu sun daina magana ne tun da sunka ga wanda ya kai rahoto da safe an zo gidanshi da dare. 'Yan leƙen asirin ɓarayi suna cikinmu, wanga laifinmu ne ba naku ba, mun yarda, kuma iyayenmu uwayen ƙasa suna ji.

Ba mu manta da naku da kunka rasa ba. Ranar 2 ga Janairu 2019 Mi-35M ta faɗi a Damasak tana taimakon sojan ƙasa da dare, mutum biyar da ke ciki duk sunka rasu, cikinsu har da masu aiki irin nawa. Ga yarinyar nan Tolulope Arotile, mace ta farko da ta zama matuƙiyar helikwaftan yaƙi a ƙasar ga, an saka mata fukafukanta a watan Oktoba na 2019, ta yi aikin fatattakar 'yan bindiga a jihar Neja, ta rasu a haɗarin mota a Kaduna cikin Yulin 2020 tana da shekara 24. Ɗiyata ta ƙarshe hotonta ta manna a bangon ɗaki, tana ce mini baba ni ma sai na tuƙa, na ce to ki fara cin lissafi tukuna. A nan ma muna da roƙo ɗan ƙarami, in lokacin ɗaukar sabbin ma'aikata ya yi a turo mutum shi zagaya makarantunmu shi yi ma yara bayani da Hausa, don fom ɗin a intanet ake cikawa, yaro a Gada ko Wurno kafin shi ji labari an rufe. Yaranmu masu gyaran babur a bakin tasha, wallahi akwai waɗanda in sun samu horo sai sun fi ni.

Na ga mai gabatarwa yana nuna mini agogo, kuma an kusa kiran azahar. Ranka shi daɗe ga takardar koke-kokenmu da sa hannun uwayen ƙasa, a rubuce da Hausa da turanci, zan miƙa maka da hannuna. Ga kuma ɗan tsarabar gida, matashin fata na jan akuyar Sakkwato aikin dukawanmu, da kilishi a raba ma yaran hanga, a ce musu daga wani tsohon makanike ne, su riƙa duba matatar iska sau biyu in sun shigo ƙasarmu. Allah shi ba ka nasara, shi tsare ku sama da ƙasa, shi mai da kai gida lafiya. Akwai fura mai sanyi a ciki bayan salla, Yallaɓai bisimilla, ga lasifika.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.